Layukan da Maijidda ta goge

A layin da ke gangarawa daga rijiyar Kusugu a Daura, idan aka ce gidan Malam Audi ba a ƙara wani kwatance. Ko baƙo zai gane gidan da turakun da ke kafe a ƙofarsa da kashin awakin da shara ba ta taɓa gamawa da shi ba. Shekara talatin da ɗaya Malam Audi ya yi yana malamin dabbobi, daga Daura zuwa Zango zuwa ƙauyukan bakin iyaka, jakar allurai a goye a bayan babur. Da ya ajiye aiki gwiwoyi suka riƙe shi, sai aikin ya biyo shi gida. Kullum da hantsi za ka tarar da mutum uku ko huɗu a kan benci, kowa riƙe da igiya.

Maijidda ce ta huɗu a 'ya'yansa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Uwata. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar tana aji biyu na firamare, kuma tun a lokacin ba ta da wurin zama irin bayan ƙyauren zaure, inda take jin duk abin da ake faɗa ba tare da an gan ta ba. Ta haddace yadda babanta yake jan numfashi kafin ya ba da amsa, da yadda yake cewa "to, to, to" sau uku idan mai dabba ya cika surutu. Idan ta kwaikwaye shi a tsakar gida har mahaifiyarta sai ta yi dariya kafin ta kore ta.

Ba ta gaji allura ba. Karatun kwamfuta ta yi a Katsina, ta dawo ta kama koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ta auri Abbas mai shagon kayan babur, suka haifi Ummi. Da haka za ta ci gaba da rayuwarta, ba don wani dattijo da ta tarar a zaure wata Asabar ba. Tun asuba ya taso daga bayan Kongolam da tunkiya ɗaure a kan cinyarsa, ya sauya mota biyu, ya iso a galabaice shi da ita. Malam Audi ya buɗe idon tunkiyar, ya duba dasashinta, ya ce tsutsar ciki ce, ya faɗi maganin da ake samu a kowace kasuwar ƙauye. Duka-duka minti uku. Maijidda ta koma gida tana tunanin yini guda da mutumin ya ƙona don minti uku.

A wannan lokacin ta riga ta san wani kundin shirye-shirye da masu rubuta manhaja daga ƙasashe daban-daban suka haɗa suka saki kyauta a intanet, kowa ya ɗauka, kowa ya buɗe cikinsa ya gyara yadda yake so. Aikinsa ƙera manhajar hira. Ba wani sihiri a ciki. Za ka zuba masa tambayoyi da amsoshinsu bibbiyu, idan wani ya turo sabuwar tambaya sai ya laluba wadda ta fi kama da ita a cikin waɗanda ya sani, ya miƙo amsarta. Yana kuma auna kamar da ke tsakaninsu, idan ba ta kai adadin da ka sa masa ba sai ya ce bai sani ba.

Wata huɗu ta yi tana ajiye wayarta a gefen tabarmar babanta tana ɗaukar muryarsa, da izininsa da na masu zuwa. Da farko idan ya ga wayar sai ya gyara hula ya koma magana kamar mai karanta labarai, har masu dabbobin su rasa gane shi. Bayan mako biyu ya manta da ita. Ita kuma duk tazarar da ta samu tsakanin darasi da darasi sai ta sa abin sauraro a kunne ta mayar da maganar rubutu. Ta tara layi dubu ɗaya da ɗari uku.

Abbas ne ya fara gwadawa. Ya rubuta cewa tunkiyarsa ta daina cin abinci, amsa ta zo cewa wannan sai an kawo ta an gani. Ya rubuta cewa sansa yana tari, aka ce masa tari iri-iri ne, sai an saurari ƙirjin. Ya gwada na uku, aka ce bai kamata a ba da magani daga nesa ba. Ya ajiye wayar yana murmushi.

"Malama, wata huɗu kina ƙona mana man janareta don ki ƙera abin da zai ce a kawo ya gani? Ai wannan ko ni da nake sayar da fulogi zan iya."

A ɗakin malamai ma haka aka yi. Wata abokiyar aikinta ta ce ai manhajar ta fi kowa wayo, tunda ba za a taɓa kama ta da kuskure ba. Aka yi dariya, ita ma ta taya, amma abin ya zauna mata. Da ta koma gida ta ƙirga irin waɗannan layukan, inda babanta ya ƙi ba da amsa sai ya gani ko ya taɓa, ta samu ɗari biyu da goma sha biyu. A idonta na lokacin, gibi ne a cikin aikin. Manhaja ba ta da ido, ba ta da hannu, to mene ne amfanin ta riƙa neman a kawo mata? Washegari da safe, kafin ruwan shayi ya tafasa, ta zaɓe su gaba ɗaya ta goge. Sannan ta je wurin ma'aunin nan da ta sa a casa'in cikin ɗari ta sauke shi zuwa sittin. Daga ranar, duk abin da ka tambayi manhajar tana da amsa.

Da ta kai wa babanta ya gani, ba ta faɗa masa ta cire komai ba. Ba ɓoyewa ta yi niyya ba, ba ta ɗauke shi abin faɗa ba ne. Ta karanto masa amsoshi biyar, ya riƙa gyaɗa kai yana jin kalmominsa suna fitowa daga waya, ya ce ikon Allah sai kallo. Ta roƙe shi ta sa wa abin sunansa, domin babu makiyayin da zai yarda ya rubuta wa lambar waya marar fuska. Ya ce idan zai rage wa bayin Allah wahalar hanya, ta sa. Haka aka samu Tambayi Malam Audi.

Lambar ta yi tafiya fiye da yadda ta zata. Matan da ke turke rago a cikin gida suka fi kowa amfani da ita, sai manoma masu shanun huɗa, sai dillalan kasuwar dabbobi ta Mai'adua. Yawancin amsoshin daidai suke, domin yawancin ciwon dabba sananne ne. Aka yi wata bakwai ba ta jin komai sai sambarka. Abbas kansa ya liƙa lambar a ƙofar shagonsa.

Farkon damina ne, ruwa na biyu ya sauka, wata Talata da ba ta da darasin safe ta kai wa mahaifiyarta kuka da daddawa. Za ta fita ke nan ta ji sallamar baƙo a zaure, sai ta tsaya a bayan ƙyauren. Mutumin ya ce sunansa Amadu, daga wani ƙauye gaba da Zango, ya kuma ambaci mahaifinsa, wanda Malam Audi ya yi wa shanunsa rigakafi shekaru masu yawa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da ruwa da shuka. Muryar Amadu a kwance take, irin ta wanda ya maimaita abin da zai faɗa a hanya.

Ya ce shanun huɗa biyu gare shi. Ƙaramin, wanda ya fara horarwa bara, ya wayi gari yana ɗingishi, cinyarsa ta baya a kumbure. Da yake ya ɗan taɓa karatun yaƙi da jahilci, sai ya rubuta wa lambar Malam da kansa. Malam Audi ya ce ya karanto masa abin da aka amsa. Amadu ya karanta a hankali, yana tsayawa a kan kowace kalma.

"Ka wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, ka ɗaure shi a inuwa kwana biyu, kada ka ɗora masa karkiya. Ba abin tashin hankali ba ne."

Maijidda ta san jimlar ƙarshen nan. Babu wanda ke faɗinta haka sai babanta. Ta ji ya ja numfashi, sannan ya tambayi Amadu ko ya danna kumburin, kuma me ya ji. Amadu ya ce ya danna, ya ji wani ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fatar kamar an taka busasshen ganye, amma bai ga dalilin rubuta wannan ba tunda ba a tambaye shi ba. Ya yi yadda aka ce. Washegari kafin azahar san ya kwanta bai tashi ba.

Sai babanta ya ce harbin daji ne, ciwon da ba ya ba da kwana biyu, sai allura a ranar, ita ma sai an yi sa'a. Amadu ya ce 'yan'uwansa sun matsa masa ya kai maganar gaban alƙali, ya ce ba zai tsaya da Malam a kotu ba ko shanun duka ne suka mutu. Ba biya ya zo nema ba. Ya zo ne don Malam ya sani, domin a ƙauyensu an fara cewa tsufa ya taɓa shi.

"Maganata ce," in ji Malam Audi. "Ni na faɗa. Ka yafe mini."

Tana tsaye a wurin, tazarar taku biyu, hannunta a kan ƙyaure. Ba ta tura ba. Ta jira har Amadu ya tafi, sannan ta fita ta ƙofar baya.

A ranar ta kashe manhajar. Sannan ta koma cikin muryoyin da ta ɗauka ta nemo inda amsar ta fito. Wani ne ya kawo sa da ya taka ƙaya, babanta ya riga ya cire ƙayar da hannunsa kafin ya faɗi maganar ruwan gishiri. Kuma ko minti ɗaya ba a yi ba bayan haka, ya juya ga mutanen benci ya ce musu amma ɗingishi da kumburin cinya da damina, kada kowa ya kuskura ya ba da magani bai taɓa ba. Ta rubuta wannan layin da hannunta a lokacin. Yana cikin ɗari biyu da goma sha biyun.

Ta faɗa wa Abbas. Ya ce ƙaddara ce, kuma tunda an kashe abin magana ta ƙare, tono ta ba zai tayar da sa ba, sai dai ya ƙara wa tsoho ɓacin rai. Ta san yana faɗa ne don shi ma yana tuna dariyarsa. Amma shawarar ta yi mata daɗi, ta karɓa.

Sai dai maganar ba ta ƙare ba. A ƙarshen makon Malam Audi ya sa aka shigar da bencin cikin gida. Ya rufe jakar allurai a akwati. Duk wanda ya zo da igiya sai ya gaishe shi daga zaune ya kwatanta masa ofishin dabbobi. Ya ce wa mahaifiyar Maijidda ya daɗe yana zaton tsufa ta gwiwa kawai ya shigo masa, ashe ya hau har kai, tunda yana iya faɗin magana irin wannan kuma ya kasa tuna ranar da ya faɗe ta. Abin da ya fi ci wa Maijidda rai shi ne bai taɓa tambayarta komai ba. Bai kawo a ransa cewa na'ura za ta iya ɗaukar maganarsa ta wani wuri ta ajiye a wani wuri ba, balle a ce 'yarsa ta rage wani abu. Idan ta zo gaishe shi, shi ne ma yake ba ta haƙuri ya ɓata mata aikin da ta sha wahalarsa.

Mako uku tana zuwa tana komawa da maganar a bakinta. Ta shirya yadda za ta fara ya fi sau ashirin. Wata rana har ta durƙusa, sai ta ɓuge da tambayarsa maganin gwiwa. A aji ta riƙa rubuta abu a allo ta manta inda ta dosa. Ta daina bi ta gaban shagon Abbas don kada ta ga tabon takardar da aka ɓamɓare.

Abin da ya kawo ƙarshen jinkirin ƙarami ne. Wata maƙwabciyarsu ta shigo da akuya da haihuwa ta zo mata a karkace, aikin da Malam Audi ya yi ya fi sau ɗari. Maijidda na kallo ya miƙa hannu, ya tsaya, ya duba yatsunsa, ya mayar da su cikin aljihu. Ya ce a nemi mota a kai ta ofis, shi kada a dogara da shi. Matar ta fita da akuyar tana kuka, ita da akuyar duka.

Washegari da hantsi Maijidda ta zo da kwamfutarta. Ta tarar da shi a zaure shi kaɗai yana sauraren rediyo. Ta durƙusa, ta ce Baba akwai abin da take so ya ji, ta kunna masa muryarsa tun daga mai ƙaya har zuwa gargaɗin damina. Ya saurara ido rufe. Da ta ƙare ya ce ta sake. Ta sake.

"To wannan na ƙarshen, ina ya tafi?"

"Na goge shi, Baba. Shi da irinsa ɗari biyu da goma sha ɗaya. Tun kafin in kawo maka ka gani."

"Me ya sa?"

"An yi mini dariya. An ce abin bai san komai ba."

Ya kashe rediyon. Ta yi zaton faɗa, har ta so a ce faɗan ya zo. Amma cikin muryarsa ta aiki ya yi magana, wadda yake yi wa masu dabbobi. Ya ce mai dabba ba ya faɗa maka abin da ke jikinta, yana faɗa maka abin da yake fata ne. Ka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, ko tana shure-shuren mutuwa. Wanda ya bar ta kwana huɗu zai ce jiya ta fara, don kunya. Shi ya sa ake kawowa. Ya ce sunayen magunguna ko mai talla a kasuwa ya san su, abin da ya ci masa shekara talatin shi ne sanin inda zai kama bakinsa, kuma shi ta ɗebe ta zubar.

Sannan ya tambaye ta yaushe ta gane. Ta ce ranar da Amadu ya zo, tana bayan ƙyaure.

"Wannan ya fi gogewar ciwo, Uwata."

Bai ƙara komai a kai ba, ranar ko bayanta. Ya tambayi mutum nawa suka rubuta wa lambar. Ta ce saƙonnin suna nan a ajiye, sun haura dubu huɗu. Ya ce ta ware duk wanda da shi ne zai ce a kawo, ta buga su a takarda da lambobin masu su. Amma kafin nan akwai tafiya.

Ranar Alhamis suka shiga motar Zango, daga can suka hau babura. Suka sami Amadu a gona da 'yan'uwansa biyu, suna huɗa da garmar hannu, rabin gonar ciyawa ta fara cinye shi, ragowar san yana ɗaure a gindin gawo ba abokin karkiya. Malam Audi ya zauna a kan kunyar gona, ya ce 'yarsa ce ke da magana. Maijidda ta yi bayani a gaban maza ukun, ta fara da kundin da ma'aunin, ta ga ba sa bin ta, sai ta bar wannan. Ta ce Malam ya faɗi abin da zai ceci san, ko aƙalla ya sa a nemo allura a ranar, ita ta goge.

Babban yayan ya ce to ai da ma an ce aikin waya ba ya ƙarko. Amadu bai kula shi ba. Ya jingina garmar a cinyarsa, ya tambaye ta sau biyu ko dai Malam bai manta ba ke nan. Ta ce bai manta ba. Ya ce to alhamdu lillahi, zai faɗa a masallaci bayan Juma'a, domin a can aka fara maganar. Ita kuma ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bai dube ta ba da ya faɗa, ita ma ba ta ga laifinsa ba. Malam Audi ya dafa kafaɗar ɗaya daga cikin 'yan'uwan ya miƙe, ya je ya shafa ragowar san tun daga wuya har ƙafafu, ya tambayi inda aka binne mushen, ya ce kada a ƙara ɗaure dabba a wurin, kuma a kai wannan a yi masa rigakafi kafin mako ya fita.

Da ta gama warewa, saƙonni ɗari shida da ɗoriya ta samu. Yanzu kullum bayan la'asar tana zuwa da takardun. Bencin ya koma ƙofar gida, masu igiya suna jira har a gama kiran ranar. Ita ke karanta tambaya da amsar da manhajar ta bayar, ita ke danna lambar, ita ke fara magana ta faɗi ko ita wace ce da abin da ta yi, sannan ta miƙa masa wayar. Mafi yawa sukan ce dabbar ta warke tuni, wasu ma sun manta. Wasu lambobin ba sa shiga. Wasu kuma sukan ce ai ta daɗe da mutuwa, haka Allah ya so. Irin waɗannan tana sa musu alama da jan biro, zuwa yanzu sun kai goma sha tara, kuma ba ta da hanyar sanin nawa ne a cikinsu nata.

Na ɗari uku da arba'in wata mata ce daga Sandamu. Ta ce ragon ya tashi a lokacin, amma ga tunkiya ƙanwarsa yanzu tana jan ƙafa tun shekaranjiya. Malam Audi ya yi mata tambaya shida, ya ce ta sa a ɗora ta a babur gobe da sassafe. Ya miƙo wa Maijidda wayar, ya gyara zaman gwiwarsa, ya ce ta kira na gaba.